Sharhi: Batir randa ce, ba rijiya ba

Duk wanda ya kwana a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa cikin watannin Afrilu da Mayu ya san abin da ake nufi idan aka ce an ɗauke wuta. Zafi ya haura digiri 40, fanka ta tsaya cik, ruwan sanyi ya gagara, mai injin niƙa ya zauna yana kallon layin kwanoni, mai walda ya naɗe hannu, yara su kwana suna kuka. Wannan ne ya sa kasuwar batir, ondiler, gurup da allunan hasken rana ta buɗe sosai a ƙasarmu cikin ƴan shekarun nan. Magidanta na saye, ƴan kasuwa na saye, ma'aikatun gwamnati da gidajen likita ma na saye da kuɗin jama'a. Sai dai abin da muka lura da shi, wanda kuma ya sa muka ɗauki alƙalami yau, shi ne yawancin waɗannan kaya suna mutuwa tun kafin su cika rabin kwanakinsu. Idan an tambaya sai a ce kayan jabu ne, ko a ce an yi rashin sa'a. Akwai jabu a kasuwa, ba mu musa ba. Amma sau da yawa laifin na wajenmu, domin mun sayi abin da ba mu san yadda yake aiki ba.

Kafin mu shiga cikin maganar, yana da kyau mu tuna inda aka fito. Shekara da shekaru Nijar ta kasance tana samun mafi yawan wutarta, kimanin kashi 70 cikin 100, daga Tarayyar Najeriya, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da kuma layin Katsina zuwa Gazawa wanda ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta katse wutar cikin watan Agusta bisa takunkumin ƙungiyar CEDEAO, ba a kuma maido da ita ba sai cikin Maris 2024. A waɗannan watanni kowa ya gane da idonsa cewa tashar Gorou Banda mai aiki da mai, wadda aka buɗe a 2017 da megawat 80, da sauran injinan kamfanin NIGELEC ba su isa su ɗauki nauyin ƙasa su kaɗai ba. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018 da ta Gorou Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a ƙarshen 2023 sun rage zafi, amma buƙata kullum ƙaruwa take. Ke nan, wutar ajiya ta zama larura, kuma wanda larura ta kama dole ya san kanta.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne wuta iri biyu ce. Wadda ke zuwa ta waya daga NIGELEC wuta ce mai kai-da-komo: tana gaba tana baya sau 50 cikin daƙiƙa guda, ƙarfinta kuma bolt 220 ne. Wadda batir ke iya ajiyewa kuwa miƙaƙƙiya ce, hanya ɗaya take bi. Saboda haka ba a zuba wutar waya kai tsaye cikin batir, ba a kuma kunna kayan gida kai tsaye da wutar batir. Sai an samu masu shiga tsakani guda biyu. Na farko shi ne caja, wadda masu gyaranmu ke kira sharjer: tana rage ƙarfin wutar waya, ta bi da ita ta wasu ƙananan ƙofofi da ake kira diyod masu barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai, ta daidaita ta, sannan ta miƙa wa batir gwargwadon abin da zai iya sha. Na biyu shi ne ondiler, wanda ke yin akasin haka: ya ɗebo miƙaƙƙiyar wuta daga batir ya mayar da ita mai kai-da-komo ta bolt 220. Akwatin da ake sayar mana a kasuwa yawanci ya haɗa duka biyun a ciki, shi ya sa mutane da yawa ba su san cewa akwai caja a cikinsa ba, balle su tambayi girmanta.

Shi kansa batir, irin wanda ya fi yawa a hannunmu, tsohuwar fasaha ce. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859. A cikinsa akwai farantai na dalma da aka tsoma cikin ruwan asid. Batir mai bolt 12 ɗakuna shida gare shi, kowane ɗaki bolt 2. Idan ana jan wuta, wani farin gishiri yana taruwa bisa farantan. Idan aka yi caji, gishirin ya narke ya koma cikin ruwan. Muddin ana cika batir da wuri bayan an yi amfani da shi, wannan juyi zai yi ta tafiya ɗaruruwan lokuta. Amma idan aka bar shi ba caji, ko aka riƙa ba shi rabin caji kullum, gishirin sai ya daskare ya ƙi narkewa, wurin ajiyar wuta ya riƙa raguwa har batir ya zama ɗan kallo. Wannan ita ce cutar da ta fi kashe batura a ƙasar nan.

Caja ta kirki mataki uku take bi, kamar yadda mace mai hankali ke cika randa. Da farko tana kwarara wuta da ƙarfi har batir ya kai wajen kashi 80 cikin 100. Daga nan sai ta tsayar da ƙarfin a wajen bolt 14.4, ta bar yawan wutar da ke shiga ya riƙa raguwa sannu a hankali har batir ya ƙoshi. A mataki na uku ta sauko wajen bolt 13.5 zuwa 13.8, tana ɗiga masa kaɗan-kaɗan don ya zauna a cike ba tare da ya tafasa ba. Cajar araha ba ta san wannan ba. Ko dai ta yi ta tura wuta har ruwan batir ya ƙone, farantan su lalace, jikinsa ya kumbura, ko kuma ta kasa kai shi ga cika. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A nan ma mutum ya kan tsimi jika ashirin wajen caja ya yi asarar batura na dubban ɗaruruwa.

Manyan cajoji na masana'antu, irin waɗanda ke ƙarƙashin eriyar kamfanonin salula ko cikin tashoshin rarraba wuta, aikinsu ɗaya ne da wannan, sai dai an ƙara musu tsaro. Kayan sadarwa da bolt 48 suke aiki, saboda haka ana jera ɗakunan batir 24 masu bolt 2, ko batura huɗu masu bolt 12. Cajar tana ciyar da na'urori da batura a lokaci guda, baturan kuma suna manne da layin kullum, ta yadda idan wuta ta tafi babu ko ƙiftawar ido da za a rasa. Ba a dogara da caja ɗaya: ana jera su da dama cikin akwati, a ƙara guda bisa abin da ake buƙata, domin idan ɗaya ta mutu sauran su ɗauki nauyin. Akwai ma'aunin zafi da ake liƙawa jikin batir, wanda ke sa caja ta rage ƙarfi idan ɗaki ya yi zafi. Akwai abin da ke yanke wuta idan batir ya kusa ƙarewa don kada a tatse shi ƙarƙaf. Akwai kuma ƙararrawa mai sanar da ma'aikaci cewa wani abu ya lalace. A tashoshin wuta, waɗannan batura ne ke ba manyan makunnai ƙarfin yanke layi idan an samu haɗari. Idan suka mutu ba a sani ba, ƙaramar matsala na iya ƙone taransifoma ta bar unguwanni cikin duhu kwana da kwanaki. Wannan ne dalilin da ya sa kake samun layin waya alhali garin duka ba wuta, kuma idan ɗaukewar ta daɗe sai ka ga layin shi ma ya fara yankewa: randar ta ƙare ke nan.

Shi ma ondiler iri-iri ne, kuma a nan ne ake yawan cutar masu saye. Akwai wanda ke zaune yana jira, sai wuta ta tafi ya sauya zuwa batir cikin kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Wannan ya isa ga fanka, fitila da kwamfuta ta ofis. Akwai wanda ya ɗara shi, mai iya gyara wuta idan ta yi ƙasa ko ta yi sama ba tare da ya taɓa batir ba. Sai kuma babban, wanda kullum yake mayar da wutar waya miƙaƙƙiya sannan ya sake mayar da ita mai kai-da-komo, ta yadda na'urar da ke bayansa ba ta taɓa shan wutar waya kai tsaye, ba ta kuma sanin an ɗauke ko an kawo. Irin wannan ne ya dace da ɗakin tiyata, ɗakin jarirai bakwaini, injin wankin ƙoda da manyan kwamfutocin banki. Ban da wannan, akwai bambanci wajen tsabtar wutar da ke fita. Ondiler mai kyau yana ba da wuta mai laushi kamar ta waya. Na araha yana ba da wuta mai tsalle-tsalle, wadda ke sa fanka gurnani, ta zafafa injin firji, ta gajarta kwanakinsa.

Wani zai ce, to wanda ke da gurup me zai yi da batir? Amsa ita ce gurup, ko da mai tashi da kansa ne, yana buƙatar daƙiƙa goma ko fiye kafin ya tashi ya daidaita ya karɓi nauyi. Idan kuwa sai an je an nemo mai gadi ya zo ya kunna, to minti nawa ke nan? Ga mai kallon talabijin wannan ba komai ba ne. Ga majinyacin da inji ke taya shi numfashi, wannan tazara ita ce tsakanin rai da mutuwa. Aikin batir da ondiler a gidan likita shi ne su riƙe wuta har gurup ya tashi. Kada kuma mu manta shi kansa gurup da batir yake tashi. Mun sha ganin babban inji na miliyoyin kuɗi, tankinsa cike da gazuwal, ya ƙi tashi ranar da ake buƙatarsa, saboda ƙaramin batirin tayar da shi ya mutu tun watanni, ƴar cajarsa ta ƙone babu wanda ya duba.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi, wanda ya kamata kowane mai saye ya yi kafin ya fitar da kuɗinsa. Batir mai bolt 12 da amper-awa 200, idan aka ninka, yana ɗauke da wat-awa 2400. Amma batirin dalma ba a son a sha fiye da rabinsa idan ana so ya daɗe, saura 1200. Ondiler ma yana cin nasa rabo ya mayar da shi zafi, saura kimanin 1000. Idan gida ya kunna fanka biyu, talabijin ɗaya da ƙwan fitila biyar, wajen wat 250 ke nan, to awa huɗu za a samu. Idan aka jona dutsen guga mai wat 1000, ko awa ɗaya ba za a cika ba. Sai kuma ɗaya gefen, wanda mai shago ba ya faɗi: mayar da abin da aka sha. An ɗebe amper-awa 100. Cajar da ta dace da wannan batir tana ba da wajen amper 20. A lissafi awa biyar ne, amma saboda matakin nan na biyu da ake tafiya sannu, sai an samu awa takwas ko fiye na wuta ba yankewa kafin ya cika da gaske. To a lokacin zafi, unguwa nawa ke samun haka? Wuta ta zo awa uku ta koma, batir bai ƙoshi ba an sake jansa, gobe ma haka. Cikin ƴan watanni gishirin nan ya daskare, sai maigida ya ce an sayar masa da jabu. Batir ba ya haifar da wuta, abin da aka zuba masa shi yake mayarwa, har da ragi. Wanda wutar waya ba ta isar masa dole ya ƙara allunan hasken rana, ko ya rage kayan da yake jonawa.

Maƙiyi na biyu shi ne zafi. Shekarun da kamfani ke rubutawa jikin batir an auna su ne a digiri 20 zuwa 25. Ƙa'idar da masana suka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanakin batirin dalma biyu. Wanda aka ce zai yi shekara goma, a digiri 35 biyar zai yi, a digiri 45 kuwa biyu da rabi. Mu kuma ina muke ajiye su? Cikin ɗakin kwano marar taga, ko ƙarƙashin matakala, ko kusa da gurup mai fitar da zafi. Ga ƙurar hunturu da ke toshe ƙananan fankokin caja har ta ƙone. Sauran kurakuran kowa ya san su: sa batirin mota a aikin gida, alhali shi an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, ba don a riƙa tatsarsa dare duka ba, haɗa sabon batir da tsoho a layi ɗaya, tsohon ya ja sabon su mutu tare, zuba ruwan famfo ko na rijiya a maimakon tataccen ruwan batir, amfani da siraran wayoyi masu zafi har su kama wuta.

Akwai kuma haɗarin rai, wanda ba za mu yi shiru a kansa ba. Batirin dalma idan yana caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ko sigari ya isa ya tayar da ita. Ɗakin batir dole ya samu iska. Hayaƙin gurup yana ɗauke da guba marar wari marar launi da ke kashe mutane cikin barci, don haka ba a kunna shi cikin ɗaki ko zaure a rufe, ko da ana tsoron ɓarawo. Sannan wanda ya jona gurup ko ondiler a wayoyin gidansa ba tare da makunnin da ke raba shi da layin waje ba, yana tura wuta baya cikin layin, inda wataƙila wani ma'aikaci yake bisa falwaya yana gyara, ya sakankance cewa an kashe wutar. Wannan ganganci ne da ran ɗan'uwa.

Baturan lityum da suka fara yawaita a kasuwanninmu sun warware wasu daga cikin waɗannan matsaloli. Ana iya shan kashi 80 cikin 100 ko fiye na abin da ke cikinsu, suna cika da sauri, rabin caji ba ya cutar da su, masu kyau kuma suna jure juyi dubbai. Amma suna da tsada wajen saye, su ma ba sa son zafi, kuma rayuwarsu ta rataya ga wani ɗan allo da ke cikinsu mai lura da kowane ɗaki. Idan allon na banza ne, ko aka haɗa su da cajar da ba tasu ba, ana iya samun gobara. Akwai kuma masu harhaɗa tsofaffin ƙwayoyi su rufe da sabon kwali. A yi hattara.

Ina matattun batura ke zuwa? Kowa na ganin masu sayensu suna yawo unguwa-unguwa. Wasu a kan fasa su a fili, a zubar da asid a ƙasa, a narka dalmar bisa wutar gawayi kusa da inda yara ke wasa. Dalma guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro, lahanin kuma ba ya gyaruwa. A Thiaroye-sur-Mer, bayan birnin Dakar na ƙasar Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 sakamakon gubar dalma daga fasa tsofaffin batura cikin unguwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Yawan baturan da muka shigo da su tun 2023 zuwa yau duka za su mutu, kuma ya kamata a san tun yanzu inda za a kai su.

Bisa ga haka muna kira ga magabata da su dubi abubuwa kamar haka. Duk kwangilar da za a ba da ta sayen kayan wutar ajiya ga asibiti, gidan haihuwa, ma'ajiyar jini ko ta allurar rigakafi, wadda dole ta zauna tsakanin digiri 2 da 8, a sa kuɗin kulawa da na canza batura cikinta tun farko. Bikin buɗewa kwana ɗaya ne, kulawa kuwa ta kullum ce. A naɗa mutum takamaimai a kowace ma'aikata, da littafin da zai riƙa rubuta ranar da ya auna batura, ranar da ya share ƙura, da ranar da ya gwada gurup da nauyi a kansa, aƙalla sau ɗaya a wata. Jami'an duwan da hukumar kula da ingancin kaya su sa ido ga baturan da ake rubuta musu ƙarfin da ba su da shi. Ma'aikatar muhalli da magadan gari su keɓe wuraren tara matattun batura, su hana fasa su cikin unguwanni. Makarantun koyon sana'a, makarantar fasaha ta Dan Kassawa da ke Maraɗi, EMIG ta Yamai da jami'o'inmu su buɗe gajerun darussa, da Hausa da Zabarmanci, ga matasan da suka riga suka shiga wannan sana'a da ka. Ƙasar da ta haifi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa da ya shugabanci ofishin makamashin hasken rana na ONERSOL tun 1969, bai kamata a ce ta rasa masu iya auna batir ba.

Ga ƴan kasuwa kuma muna cewa su ji tsoron Allah su faɗa wa mai saye gaskiyar awa nawa kayan za su ba shi. Ga magidanta muna cewa a yi lissafi kafin a saya, a nemi wanda ya iya, a ajiye batir inda iska ke ratsawa, a kuma koya wa iyali abin da ake jonawa da wanda ba a jonawa.

A ƙarshe, kada wannan duka ya sa hukumomi su ɗauka an sauke musu nauyi. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da wutar lantarki a Nijar, kuma cikin waɗannan ma ƙalilan ne ke da halin sayen batir da ondiler. Talaka ba shi da randar da zai tara wuta. Madatsar ruwan Kandadji, wadda aka aza harsashinta a 2008 aka kuma tsara za ta ba da megawat 130, mun daɗe muna zuba ido gare ta. Rana muna da ita, gawayin ƙasa muna da shi a Anu Araren da Salkadamna, mai muna da shi, yuraniyom ɗinmu ya daɗe yana haska ƙasashen wasu. Kowa ya kula da randarsa, amma haƙa rijiyar aikin gwamnati ne, kuma za mu ci gaba da tuna mata. Allah ya sa mu gane, ya kuma ba shugabanninmu ikon sauke wannan nauyi.